Kundin ƙarshe na Koko Taylor: muryar tsufa ce ko gwaninta?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan gida. Yau kwana shida ke nan ba abin da nake ji a mota sai kundin nan na Koko Taylor, mawaƙiyar buluz (salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka), mai suna Old School, wanda kamfanin Alligator na Shikago ya fitar a 2007. Shekararta 78 a lokacin, kuma shi ne na ƙarshe da ta yi kafin rasuwarta a 2009. Waƙoƙi 12 ne, biyar daga ciki ita ta rubuta da kanta. Na daɗe da sanin waƙoƙinta na ƙuruciya, amma wannan ban taɓa zama na ji shi daga farko har ƙarshe ba sai yanzu. Abin da zan faɗa na san wasu ba za su yarda ba: a wurina ya fi duk abin da ta yi a baya. Muryar ta yi kaushi, ta yi nauyi, kamar ana jan sarƙa a kan tsakuwa, kuma wannan kaushin ne yake shiga jikin mutum. Ina so wanda ya ji shi ya faɗa mini ko ni kaɗai ne.

Ɗan Situdiyo: Wa alaikumus salam Baba. Na ji shi bara, na sake ji yanzu da ka yi magana. Da girmamawa, ban yarda ba. Aikina ke nan kullum, ɗaukar murya. Abin da kake kira kaushi ni gajiya nake ji. Numfashinta ba ya kai inda yake kaiwa da, tana yanke baiti tun kafin ya ƙare. Da ni ne a kan na'ura da na ɗan gyara, ko a rage ƙarfin ganguna a ba muryar fili. Ina ganin tausayin tsufanta ne yake sa mutane yabon kundin.

Anti Mai Ɗinki: Ɗana, a gyara me? In aka goge wannan muryar da na'ura ai an kore matar daga waƙarta.

Malam Na-Rediyo: Ku dakata kaɗan, akwai abin da ku biyun kuka haɗu a kai kuma kuka yi kuskure tare. Baban Sadiya yana cewa tsufa ne ya ba ta kaushi, yana yabo. Ɗan Situdiyo yana cewa tsufa ne ya ba ta kaushi, yana kushe. To ba tsufa ba ne. Ku koma ku ji Wang Dang Doodle da ta ɗauka a 1965 a kamfanin Chess, wadda ta hau mataki na 4 a jerin waƙoƙin R&B na mujallar Billboard a 1966. Shekararta 37 a lokacin, kuma gurnanin nan yana nan daram. Shi ne ma abin da ya sa Willie Dixon, marubucin waƙoƙin buluz na Chess, ya tsaya ya saurare ta a wani gidan kiɗa a 1962. Waƙar nan Dixon ne ya rubuta ta, mawaƙin buluz Howlin' Wolf ya riga ta ɗauka, kuma duk wanda ya san muryar Wolf ya san ba kowace mace ba ce za ta shiga bayansa ta fito da kanta a sama. Ita ta fito. Saboda haka gurnanin salo ne, koyonsa ta yi, a maƙogwaro take haɗa shi da gangan. Abin da shekaru suka canza daban ne, sai mu yi magana a kansa.

Baban Sadiya: Malam, na karɓi gyara. Na san waƙar sarai, amma ban haɗa su a kunnena haka ba. To mene ne ya canza a ganinka?

Malam Na-Rediyo: Abu biyu. Muryar ta sauka ƙasa, ta yi kauri. Sannan ta daina tsere da makaɗa. A da tana cika kowane gurbi, yanzu tana faɗin rabin magana ta yi shiru, ta bar mai busa ko mai jita ya ƙarasa mata. Wannan yankewar da Ɗan Situdiyo yake ji a matsayin ƙarancin numfashi, ban musa ba akwai ƙarancin numfashi a ciki, amma dubi inda take yankewa. Ba ta taɓa yanke kalma a tsakiya. A kan gaɓar magana take tsayawa. Wanda numfashi ya gagare shi kawai ba ya zaɓen wuri.

Ɗan Situdiyo: Malam wannan magana ce mai nauyi, zan koma in duba. Amma ko da haka ne, ai an iya ɗauka sau goma a zaɓi mafi kyau.

Ƙanwar Soja: Ni sabuwa ce a wannan harkar, ku yi haƙuri da tambayata. Wani lokaci kuna cewa buluz, wani lokaci R&B. Ni R&B da na sani shi ne na samarin nan masu sanyin murya da waƙar soyayya. Ina alaƙarsa da wannan tsohuwa mai tsawa?

Malam Na-Rediyo: Tambaya ce mai kyau 'yata. Sunan ne ya yi ƙaura. Kafin 1949 mujallar Billboard tana jera faifan baƙaƙen fata na Amurka a ƙarƙashin wani suna da ke nufin faifan launin fata. A 1949 aka sauya shi zuwa ridim an buluz, wato R&B, kuma Jerry Wexler, wanda yake aiki a mujallar a lokacin, shi ake danganta wa sunan. A shekarun 1950 duk wani buluz mai ganguna da jitar lantarki da ake rawa da shi a ƙarƙashin wannan suna yake. Muddy Waters da Howlin' Wolf duk a wannan jerin suke hawa. Daga baya ne sunan ya koma kan waɗanda kika sani. Koko tana kan tsohuwar ma'anar, kuma sunan kundin ma abin da yake faɗa ke nan, tsohon yayi.

Ƙanwar Soja: Na gode Baba. Yanzu na gane.

Na Shikago: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na ga maganar nan. Ni a garin nake, tasi nake ja, kuma ina yawan wucewa ta gaban ginin Chess a lamba 2120 kan titin South Michigan. Yanzu gidauniyar da Willie Dixon ya kafa ce a ciki, masu yawon buɗe ido suna zuwa gani. Abin da nake so in ƙara, a nan ba a kiran matar nan da sunanta kawai, Sarauniyar Buluz ake ce mata. In na ɗauki dattawan baƙaƙen fata daga kudancin gari na sa waƙarta, sai hira ta ɓarke. Da yawa iyayensu daga kudu suka zo kamar ita. Mutum wajen miliyan shida ne suka baro jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, suna gudun wariya da noman da ba ya fitar da kowa. Ita a kusa da Memfis aka haife ta a 1928, a jihar Tenesi, sunanta na yanka Cora Walton. Mahaifinta gonar wani yake nomawa a raba amfani, irin noman da bashi ba ya ƙarewa. Ta zo Shikago a 1952 tare da Robert Taylor, wanda ake kira Pops, mijinta. Aikatau ta yi shekara da shekaru a gidajen masu kuɗi, shara da goge-goge, da dare su shiga gidajen kiɗa.

Anti Mai Ɗinki: Allah sarki. To Koko ɗin daga ina?

Na Shikago: Son cakulan ne tun tana yarinya Anti, shi ne sunan ya bi ta.

Anti Mai Ɗinki: Ni dai bari in faɗi nawa, tunda duk maganar maƙogwaro kuke yi ba wanda ya taɓo abin da matar take cewa. Turancina ba mai yawa ba ne, 'yata ce ta zauna ta fassara mini. Akwai waƙar da take cewa za ta sayi alfadari ya maye mata gurbin namijin da ba ya tsinana komai. Wallahi da na ji ma'anar sai da na ajiye almakashi. Mace mai shekara kusan tamanin ce take wannan maganar, ba yarinyar da saurayi ya yaudara ba. Kuma ba kuka take yi ba, hukunci take yankewa. Alfadarin nan ba ado ba ne a bakinta, yarinya ce da ta tashi a gona, ta san dabbar da ke aiki daga safe har yamma ba ƙorafi. In budurwa ta rera wannan sai a ce tsiwa. Ita da ta rera sai ka ji kamar gwaggonka ce ta zaunar da kai. To wannan na'ura ce za ta ba ka shi?

Baban Sadiya: Anti kin taɓo wurin. Waƙar alfadarin nan, Gonna Buy Me a Mule, ita ta rubuta, kuma ita ce ta ci waƙar shekara a bikin lambobin yabo na buluz a 2008. Kundin ma ya ci nasa a rukunin buluz na gargajiya.

Ɗan Situdiyo: Anti ban musa kalmomin ba. Amma lambar yabo ba hujja ba ce a wurina. Masu ba da ita sun san ta tsufa, sun san ta sha jinya, kowa yana so ya karrama ta tana raye. Wannan abu ne mai kyau, amma ba shi ne ma'aunin sauti ba.

Nas Hauwa: Maganar jinyar nan ita nake jira a zo. A ƙarshen 2003 aka yi mata tiyata saboda zubar jini a hanji, ta daɗe a kwance a asibiti, har mutane suka fitar da rai. Ni aikina kula da marasa lafiya ne, na san yadda doguwar kwanciya take cinye tsokar ƙirji da ta ciki a jikin tsoho. Waƙa irin tata da ciki ake tura ta, ba da baki ba. Mutumin da ya wuce saba'in ya tashi daga wannan halin, ya koma ya tsaya a gaban ganguna da jita biyu yana tsawa, ni ban san yadda zan kira shi gajiya ba. Ƙanena, kai kana auna abin da ya ragu. Ni ina mamakin abin da ya dawo.

Ɗan Situdiyo: Yaya Hauwa, ai maganata ke nan. Kin ga da labarin jinya kike ji. Wanda bai san labarin ba fa? Faifai ya kamata ya tsaya da ƙafarsa.

Baban Sadiya: Ni ban san labarin jinyar ba sai da na yi kwana uku ina ji. Kuma tun ranar farko ya kama ni.

Malam Na-Rediyo: Bari in ɗan goyi bayan yaron nan, kada mu taru a kansa. Damuwarsa tana da tushe. Akwai kamfanonin da suke ɗauko tsohon mawaƙi, su tara masa taurari baƙi a kowace waƙa, a sayar da sunaye, shi kuwa tsohon ya zama kamar baƙo a gidansa. Ita kanta Koko kundinta na 2000, Royal Blue, yana da baƙi irin su B.B. King da Keb' Mo'. Yana da kyau, amma salon zamani ne ya fi yawa a ciki. Abin da ya bambanta na 2007 shi ne waɗanda aka kira. Bob Margolin ya yi shekara bakwai yana kaɗa jita a ƙungiyar Muddy Waters, daga 1973 zuwa 1980. Willie Smith, wanda ake wa laƙabi da mai manyan idanu, shi ma ganguna ya daɗe yana kaɗa wa Muddy. Billy Branch mai busa hamonika a hannun Willie Dixon ya goge. Ga Criss Johnson, wanda ya daɗe yana aiki da ita. Waɗannan ba sunan talla ba ne, mutanen da suka san yadda ake zama a bayan mawaƙi ne. Kiɗan Shikago na shekarun 1950 ba a ɗaukarsa a tsabtace, hamonika a jikin makirfo ake manna ta har sautin ya fashe, jita ma haka. In ka wanke wannan ka fitar da shi daga jinsinsa. Kamar a ce a ɗauki kalangu a cire masa amon tsarkiya don ya yi laushi.

Ɗan Situdiyo: Wannan misalin na kalangu ya shige ni Malam. Na yarda fashewar sautin kayan kiɗa da gangan ce. A kan murya ne har yanzu nake da ja.

Bazindire: Gaisuwa daga Damagaram. Ni da na ji matar nan Barmani Choge ce ta faɗo mini. Ba wai kiɗan ɗaya ba ne, ina ƙwarya ina jitar lantarki. Amma tsayuwar ɗaya ce: dattijuwa a gaban taro, murya ba zaƙi, tana gaya wa mata su tashi su nemi na kansu, tana yi wa ragon namiji tatas. Kuma Barmani ma ba wanda ya taɓa cewa a gyara mata murya har ta koma ga Allah a 2013.

Anti Mai Ɗinki: Allah Ya jiƙan Hajiya. Wallahi ɗan'uwa ka faɗi abin da ke raina.

Ƙanwar Soja: To ko dai gaskiya ne da ake cewa buluz daga wajenmu ya tafi?

Malam Na-Rediyo: A yi hattara da wannan 'yata. Akwai masana, irin su Gerhard Kubik ɗan ƙasar Ostiriya, da suka nuna cewa wasu siffofin buluz, kamar jan murya da lanƙwasa ta da kiɗan tsirkiya na mutum ɗaya, sun yi kama da na yankin Sahel. Wannan bincike ne mai daraja. Amma buluz a kudancin Amurka aka haife shi, a gonakin auduga da coci-coci da gidajen rawa na baƙaƙen fata, daga wahalar da su suka sha. Koko a cocin Baftis ta fara waƙa, a rediyon Memfis ta ji B.B. King yana gabatar da faifai tun kafin ya shahara. Kada mu ƙwace musu abinsu don mun ji ƙamshin gida a ciki.

Na Shikago: Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma shi ne yake damuna. Muna ta yabon tsohuwa tana aiki har shekara tamanin, amma mun tambayi ko tana da zaɓi? Mawaƙan zamanin Chess da yawa ba su ga kuɗin waƙoƙinsu yadda ya kamata ba. Muddy Waters da Willie Dixon sai da suka kai kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙinsu kotu a 1977. Abincin mai buluz a kan hanya yake, gari zuwa gari a mota. Ita kanta ta yi mummunan hatsarin mota a ƙarshen shekarun 1980 tare da 'yan ƙungiyarta, kuma mijinta ya rasu ba da daɗewa ba bayan haka. A 2008 hukumar haraji ta ce tana bin ta dala 400,000. Ni da nake ganin tsofaffi a nan suna aiki don kuɗin magani, in na ji kundin nan ina jin daɗi, amma wani abu yana tsaya mini a wuya.

Nas Hauwa: Gaskiya ne Yaya, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. Sai dai na ga tsofaffin da aka ce su zauna su huta, hutun ne ya karya su. Buƙata tana iya fitar da mutum kan hanya, amma ba ta sa shi ya zauna ya rubuta sababbin waƙoƙi biyar. Da kuɗi kawai take nema da sai ta sake rera tsofaffin da aka san ta da su.

Baban Sadiya: Kuma dubi waɗanda ta aro. Ba nata na da ba ne. Ta ɗauko ta Memphis Minnie, matar da ta riga ta buɗe wa mata hanya a Shikago da jita a hannu. Ta ɗauko ta Magic Sam, wanda ya rasu a 1969 yana da shekara 32 kacal. Ta ɗauko na Dixon guda biyu da Muddy ya fara rerawa, ɗaya ma maganarta ita ce na tsufa amma halina na matasa ne. Namiji ne ya rera ta a 1955 yana tsakiyar ƙarfinsa. Ita ta rera ta tana da 78, bayan ta ga ƙofar kabari. Kalmomin ba su canza ba, amma magana ta zama wata. Duk mutanen nan ta san duniyarsu, kuma duk sun riga ta tafiya. Ni haka nake jin kundin, kamar mutum ne yake zaga gidajen da ya taɓa zama yana sallama.

Ɗan Situdiyo: To na koma na ji uku daga ciki da abin kunne mai kyau, na kuma jera su da ta 1965. Malam ya yi gaskiya, gurnanin tun can yake, kuma wurin yankewar zaɓaɓɓe ne, na bi shi baiti baiti. Na janye maganar tausayi, ban yi mata adalci ba. Amma a waƙoƙi masu sauri har yanzu ina ganin kiɗan yana danne ta a wasu wurare, kuma da an ɗaga muryar kaɗan ba abin da zai lalace. Kuma Baba, ba zan ce ya fi I Got What It Takes na 1975 ba. A can ƙarfinta yana cike.

Baban Sadiya: Na 1975 shi ne farkonta a Alligator, bayan Chess ya rufe, kuma ba na raina shi ko kaɗan. A can tana nuna wa duniya abin da za ta iya. A wannan ba ta da wanda za ta nuna wa komai, shi ya sa na fi son sa. Amma maganar ɗaga murya, kai ne mai sana'a, ba zan ja da kai ba.

Malam Na-Rediyo: Fitowarta ta ƙarshe a Memfis ce, ranar 7 ga Mayu 2009, a bikin lambobin yabo na buluz, kusa da inda aka haife ta. Wang Dang Doodle ta rera. Ta rasu a Shikago ranar 3 ga Yuni bayan wata tiyatar, ciwon nan na hanji ne ya dawo. Lambar da ake ba gwanar mata a buluz na gargajiya yanzu sunanta take ɗauke da shi.

Ƙanwar Soja: Ni da wace zan fara? Kada ku ba ni goma, ɗaya nake so.

Anti Mai Ɗinki: Ta alfadari 'yata.

Ɗan Situdiyo: A'a Anti, ta fara da ta 1965 tukuna, ta ji inda muryar ta taso, sannan ta zo kan alfadari. Yaya Na Shikago, in ka sake bi ta gaban ginin nan ka ɗauko mana hoto don Allah, ina so in ga ɗakin da aka yi wannan ɗaukar.

Na Shikago: In sha Allah ranar Asabar, in ban samu fasinjan filin jirgi ba.